Ta wace ƙofa ake shiga ilimin ƙwaƙwalwa a Legas?

Ƙanwarku ta Agege:
Assalamu alaikum yayyena. Ina son karantar ilimin ƙwaƙwalwa da laka a digirin farko. Wane kwas zan cike a JAMB, me kuma zan fara riƙewa?

Malam na Idi-Araba:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki nemi Fiziyoloji, wato ilimin yadda sassan jiki ke aiki, har da ƙwaƙwalwa da laka, a Kwalejin Likitanci ta Jami'ar Legas (UNILAG) da ke Idi-Araba, shekara 4 ne. A JAMB: Turanci, Bayoloji, Kemistiri, Fiziks. Kada ki raina Fiziks, domin saƙon jijiya lantarki ne. Ƙwayar jijiya in ba ta aika saƙo, ƙarfin lantarkinta yana kusan -70 milibolt, kuma tana da wani famfo a fatarta da yake fitar da sinadarin sodiyam 3, ya shigo da fotasiyam 2. Wanda bai gane wannan ba, haddar banza zai yi ta yi.

Anti ta Ikeja:
Gaskiya ne Malam. Ni aikin lab nake jiye wa ɗalibai, a nan furojet ke lalacewa. Ƙwaƙwalwar ɓera tana fita, a jefa ta cikin fomalin kashi 10, wato ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa, nan take, ruwan ya ninka naman sau 10 aƙalla, ta kwana ɗaya zuwa biyu. In aka yi jinkiri, da zafin Legas ɗin nan, ƙwayoyin sai su fara narkar da kansu. In yankan naman da aka jefa ya wuce kaurin milimita 4, gefe ya kama, tsakiya ta ruɓe, ki leƙa madubin lab mai ƙara girman abu ki ga ramuka kawai.

Yayanku na Mile 12:
Ki riƙa zana jijiyoyin kai 12 da hannunki, kowace da aikinta.