Neman kalma: me za mu kira close() da shutdown() a Hausa?

Ɗan Garwa:
Assalamu alaikum malamai. Ina haɗa darasin C, harshen rubuta manhaja, da Hausa, na maƙale wajen rufe soket, wato mahaɗar da manhaja ke aikawa da karɓar bayanai ta cikinta a kan sadarwa. Abin da Faransanci ke kira point de terminaison na sa masa "bakin layi", tunda "ƙofa" mun bar wa lambar tasha irin 80 da 443. To close() fa? "Rufewa" ya isa?

Malamar Njamena:
Wa alaikumus salam. Bakin layi ya yi, amma rufewa zai ruɗar da ɗalibi. close() yana sakin lambar da manhajarka ke riƙe da soket ne kawai. In ka kira fork(), wanda ke haifar da kwafin manhajar da ke gudana, uba da ɗa duk suna riƙe da shi, kuma FIN, saƙon da ke gaya wa ɗaya ɓangaren an gama aikawa, ba zai fita ba sai mai riƙo na ƙarshe ya saki. Ni "sakin riƙo" zan ce.

Ɗan Marwa:
Malama ta yi gaskiya. shutdown() kuwa "sallama" ne. Ka ba shi SHUT_WR, wato rufe ɓangaren aikawa, ya aika FIN ko mutum nawa ke riƙe da soket ɗin: na gama magana, amma kunnena a buɗe yake. Sai ka ci gaba da read() har ya dawo da 0, alamar ɗayan ma ya yi sallama, sannan ka saki riƙo. In ka saki alhali akwai bayanan da ba ka karanta ba, Linux zai aika RST, saƙon yanke haɗi nan take, kuma ɗaya ɓangaren na iya rasa amsarka ta ƙarshe. Wannan "katsewa" ne. Haka ma in ka kunna SO_LINGER, zaɓin jira wajen close(), da daƙiƙa 0.

Malamin Ngaundare:
Rabon nan ba sabo ba ne. A TLI, tsohon tsarin sadarwa na Unix System V, wanda ƙungiyar X/Open ta mayar XTI, aiki uku ne daban: t_sndrel() sallama, t_snddis() katsewa, t_close() sakin bakin layin. Ka'ida ita ce a yi t_unbind(), wato raba bakin layin da adireshinsa, kafin t_close(). Wanda ya tsallake alhali haɗin na nan, kuma ba wani mai riƙo, ya katse layin.

Ɗan Garwa:
Na gode Malam. CLOSE_WAIT da TIME_WAIT, halayen da haɗi ke shiga yayin rufewa fa?

Malamar Njamena:
CLOSE_WAIT "jiran saki" ne: an yi maka sallama, manhajarka ba ta kira close() ba. Ba ya gushewa da kansa. Irin waɗannan soket ɗin suna taruwa har ka kai iyakar fayilolin da manhaja za ta iya buɗewa, yawanci 1024, accept(), mai karɓar sabon haɗi, ya fara dawo da kuskuren EMFILE. TIME_WAIT kuwa ba matsala ba ce. Wanda ya fara sallama ke zama a ciki, daƙiƙa 60 a Linux, don makararrun fakitoci kada su faɗa wani sabon haɗi.

Ɗan Marwa:
Ga TIME_WAIT, ni "zaman rakiya" ya fi kwanta mini, amma ɗalibi ba zai ji lokaci a ciki ba. Yaya, rubuta "jiran wa'adi", mu ga ko ajin zai gane.