Wai shekarar korona wa ya fi shan wuya, manomi ko masunci?

Abba Fagge:
Slm jama'a. Ina so in shiga noman rani na tumatir bana, sai kawuna ya ce in tuna 2020 kafin in zuba kuɗina. Ni lokacin ina makaranta, abin da na sani kawai an kulle mu a gida cikin azumi. To amma ai an ce dokar kulle ba ta shafi kayan abinci ba, ya aka yi manoma suka yi asara? Kuma wani abokina ya ce masunta sun fi kowa ji a jika. Don Allah waɗanda abin ya faru a kansu ku yi mana bayani.

Ɗan Kadawa:
Wslm. Ƙanena kawunka ya gaya maka gaskiya. A takarda kam an ce motar abinci ta wuce, amma je ka tambayi direba. An rufe Legas da Abuja ranar 30 ga Maris, Ogun bayan 'yan kwanaki, Kano kuma tsakiyar Afrilu, sannan aka zo aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi har zuwa 1 ga Yuli, to daga kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan a Kano zuwa kasuwar Mile 12 a Legas shinge nawa ne, kowane shinge sai an tsaya an yi ciniki an ba da na goro, tafiyar kwana biyu ta koma huɗu ko biyar, shi kuma tumatir ba ya jiran kowa, ga zafin bazara. Direbobi da yawa ajiye motar suka yi, wanda ya yarda ya tafi kuma ya ninka kuɗin lodi. Ni da idona na ga ruwa na tsiyaya ta ƙasan kwanduna a bakin titi, ƙuda ya baibaye su, dillali ya zo ya ɗaga ganyen saman ya kalla ya mayar ya wuce ko tayi bai yi ba. Ƙarshe yankawa muka yi muka shanya ya zama kauɗa, ita ce ma ta ɗan fitar da mu daga baya. Kuɗin man injin ban-ruwa da taki dai bashi ne, mai bashi kuma bai san wata korona ba. Abin haushin, 'yan uwanmu na Legas suna waya suna kukan tumatir ya yi tsada.

Sarkin Ruwa Ƙarami:
Ɗan Kadawa ka yi haƙuri amma namu ya fi naku. Ni ɗan Yawuri ne. A watan Maris ɗin nan fa aka yi bikin kamun kifi na Argungu bayan shekaru ba a yi ba, kowa na murna kasuwa za ta buɗe, sati biyu uku sai komai ya tsaya. Ba wanda ya hana mu shiga ruwa, kogi ai ba a kulle shi. Mai saye ne babu. Matan da ke zuwa daga kudu suna kwasar banda a kwali sun daina zuwa, otal da gidajen abinci a rufe, ba biki ba suna. Ka fito da tarwaɗa da ƙarfasa da asuba, kafin azahar in ba a sa a wuta ba shikenan. Aka koma banda gaba ɗaya, itace ya yi tsada, bandar kuma in ta daɗe a ɗaki ƙwari su shige ta ta zama gari. Taru ya yage ba kuɗin gyara. Muna fita daga wannan sai ga ambaliyar damina ta cinye shinkafar Kebbi, alhali yawancinmu masunci ne kuma manomi.

Maman Hassana:
Ku maza kuna ta lissafin kaya kun manta da mu masu aikin hannu. Mai gona ko ya yi asara yana da gona, mai kwalekwale yana da kwalekwalensa. Mu da ke turara shinkafa a Kura fa? Buhu ake biyanmu, ranar da ba a kawo shanshera ba ranar ba a ɗora tukunya. Haka yaran injin casa da 'yan dako da mata masu tuyar ƙuli. Da aka ɗan sassauta a Kano aka ce Litinin da Alhamis a fita, sai aikin sati ya haɗe a kwana biyu, mu cunkushe a rumfa ɗaya ga hayaƙi ga tiriri, takunkumin ma ba ya zama a fuska don gumi, wa ke maganar tazara. Tallafi kuma a rediyo muka ji shi, sai a watan Oktoba muka ga bidiyon rumbunan da aka fasa a wasu jihohi cike da kaya.

Malam Na Jamus:
Hajiya maganarki haka take har a nan. A Yunin 2020 mayankar Tönnies da ke yammacin Jamus ma'aikata sama da 1,500 suka kamu, akasarinsu 'yan ci-rani daga Romaniya da Bulgariya, suna aiki kafaɗa da kafaɗa a ɗakin sanyi su koma su kwana a cunkushe. Bambancin mu da su, su cutar ce ta kama su, mu kuma hanya ce da yunwa. Bayan nan ne gwamnatin Jamus ta hana ɗaukar 'yan kwangila a manyan mayanka.

Abba Fagge:
Na gode ƙwarai, Allah ya mayar da alheri. Yaya Ɗan Kadawa, kauɗar nan kwana nawa take yi kafin ta bushe, kuma a ƙasa kuke shanyawa ko a leda?

Ɗan Kadawa:
In rana na da ƙarfi ƙasa da sati. A leda ko tabarma, ta ƙasa yashi take kwasa mata ba sa so. Ka yanka tun yana da ƙwari, kar ka jira ya fara laushi.