Hilux ta 2012 ko ta 2017: wacce za ta jure hanyar Dakoro da kasuwannin ƙauye?

Mai Aya ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san mota, musamman masu gyara da direbobin da suka daɗe suna bin hanyoyin jihar Maradi. Sana'ata sayen aya da wake ne a kasuwannin Kornaka, Sabon Mashi, Dakoro da Mayahi, in kawo su gari. Shekara da shekaru ina aiki da tsohuwar Hilux mai injin 3L da na gada daga mahaifina, amma yanzu shasinta ya tsage sau biyu a wuri ɗaya, kuma mai walda ya gaya mini gaskiya cewa ɗinki na uku ba zai riƙe ba.

An nuna mini motoci biyu, dukansu masu gida biyu kuma kat-kat, wato masu ja da ƙafa huɗu. Ta farko ta 2012 ce, mai injin 2KD, lita 2.5, agogonta ya nuna kilomita 240,000. Ta biyu ta 2017 ce, mai injin 2GD, lita 2.4, an shigo da ita daga Turai, kuma kuɗinta ya fi na ta farko nesa ba kusa ba, har sai na taɓa jarin da nake sayen kaya da shi idan zan ɗauke ta. Zuciyata ta karkata ga sabuwar, amma ina tsoron in sayi abin da zai tsaya mini a daji inda babu mai iya buɗe shi. Wacce kuke ganin ta dace da irin aikina?

Makaniken Sabon Gari ya amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Abu na farko da nake so ka sani shi ne, duka motocin nan biyu sun rabu da wadda ka saba da ita ta fuskar da ta fi muhimmanci, wato yadda mai yake shiga inji. Injin 3L famfonsa na ƙarfe ne zalla, babu kwamfuta a cikinsa, shi ya sa yake haƙuri da gazuwal ko da bai da tsabta sosai. Amma 2KD da 2GD duka irin waɗanda ake rubuta wa D-4D ne, kwamfuta ce ke buɗe anjekta, wato bakin da ke fesa mai cikin inji, kuma mai yana shiga da matsi mai tsananin ƙarfi ta ƴan ramuka da ido da ƙyar yake ganinsu. Ɗigon ruwa ko ƙura a cikin man ya isa ya cinye su. Saboda haka kada ka ɗauka cewa ta 2012 tsohuwar hannu ce irin ta mahaifinka.

Makon jiya aka jawo mini wata daga wajen Gidan Rumji. Da na kwance matatar mai na zuba abin da ke cikinta a kwalba, sai ruwa ya kwanta a ƙasa kusan yatsa biyu, gazuwal yana yawo a samansa. Mai motar ya ce fitilar gargaɗi ta yi kwanaki tana kunne amma ya ci gaba da tafiya, kuma a jarka ya sha man a bakin hanya. Anjekta huɗu ya saya.

Duk da haka, idan tsakanin biyun nan ne, ni ta 2012 zan ce ka ɗauka. Wannan samfurin ya yi kusan shekara goma ana ƙera shi, daga 2005 zuwa 2015, ya cika ƙasar nan, yaran gareji sun san shi ciki da waje, kuma kayan gyaransa sabo da na hannu suna nan Maradi, wanda ya gagara kuwa ana samo shi a Ƙofar Ruwa ta Kano. Kat-kat ɗinta da sanda ake sa shi, hannunka yana jin ya shiga, alhali ta 2017 maɓalli ake murɗawa, wata ƴar na'urar lantarki ta yi aikin, ita kuma ba ta son ruwan fadama da damina. Abin da ya fi damuna da ta Turan shi ne matatar hayaƙi da ke cikin salansa da kuma AdBlue, wani ruwa na musamman da take buƙata domin tsabtace hayaƙi. An yi su ne domin dokokin hayaƙi na can da irin man can, kuma idan matatar ta toshe sai motar ta rage ƙarfi da kanta. Idan ka sayi ta 2012, ka canja bel ɗin cikin inji tun ranar farko, domin ƙa'idarsa kilomita 150,000 ce, kuma ba ka da tabbacin an canja shi.

Direban Tasawa ya amsa:

Ina girmama maganar maigida makanike, amma ban yarda a tsoratar da Alhaji daga sabuwar gaba ɗaya ba. Shekara biyar ke nan ina tuƙa mai injin 2GD tsakanin Maradi, Tasawa da Damagaram, wani lokaci har Bermo cikin rairayi, kuma ba ta taɓa kwana da ni a hanya ba. Ta fi tsohuwar ja tun daga ƙaramin gudu, giyarta shida ce maimakon biyar, tana shan mai kaɗan a kan kwalta, kuma sarƙa ce a cikin injinta, babu zancen canja bel. Wanda ya yini a cikinta ba ya sauka da ciwon baya irin na da. Sai dai tawa an yi ta ne domin kasuwar Afirka, ba ta da matatar hayaƙin nan, kuma ba na zuba mata mai sai a gidan mai, ina kuma kaɗe matatar iska duk lokacin da na dawo daga hanyar jar ƙasa. Matsalar da ake magana a kai ta inda motar ta fito ce, ba ta shekararta ba.

Baba Na Zariya ya amsa:

Ɗana, akwai hanya ta uku da ba a ambata ba. Toyota ta ci gaba da sa injin 5L-E, lita 3.0 marar turbo, a cikin Hilux da ake sayarwa a ƙasashenmu, har a jikin waɗannan samfura biyu. Ƙanen injin da ka saba da shi ne, ba shi da gudu, yana nishi idan ya ɗauki kaya a hawa, amma ya fi su haƙuri da man ƙauye. Irinsu ƙungiyoyin agaji da ma'aikatu suke saye, kuma sukan sayar idan sun sabunta motocinsu. Ka sa a nema maka kafin ka yanke hukunci.

Kowacce ka zaɓa, ka shiga ƙarƙashinta da tocila ka duba shasi, musamman tsakanin gida da bodi da kuma inda sifirin baya yake kamawa. Motar Turai gishirin da suke zubawa a hanya lokacin sanyi yana cin ƙarfenta daga ciki, sai a shafe da baƙin fenti. Ka gwada lambar shasi da ta takardun duwan harafi bayan harafi. Kuma ka tuna cewa abin da aka ƙera ta ta ɗauka bai wuce kimanin tan ɗaya ba har da mutanen da ke ciki, wato buhu goma masu kilo ɗari sun riga sun kai iyaka. Ina zargin lodi ne ya tsaga shasin ta mahaifinka.

Mai Aya ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, zarginka gaskiya ne, domin ranar kasuwar Dakoro nakan ɗora buhu goma sha biyar. Na fasa ta Turan. Gobe da safe, in Allah ya yarda, zan kai ta 2012 gareji a gwada anjektocinta a kuma duba shasi, kuma na riga na yi wa dillali magana ya bincika mini mai 5L-E. Maigida makanike, idan na ƙara mata matatar mai ta biyu kafin ta asali, shin hakan zai rage haɗarin ruwan nan, ko kuwa zai wahalar da famfo?