Gida da gona eka 10 a ƙauye, me zan duba kafin in biya?

Sabon Manomi:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Na daɗe ina tara 'yan kuɗaɗena da niyyar in bar cikin gari in koma inda zan yi noma da ɗan kiwo, to shi ne dillali ya kai ni wani ƙaramin gari na manoma ya nuna min gida mai ɗaki uku a tsakiyar gona, ya ce eka 10 ce, akwai rijiya a baya da tsohuwar rumfar dabbobi. Wallahi wajen ya kwanta min a rai, uwargida ma tunda ta ga hoton ta fara lissafin inda za ta sa kaji. Sai dai mai gonar ya rasu, ɗansa ne ke sayarwa, kuma dillalin sai matsa min yake in ba da kafin alƙalami a satin nan wai akwai wani mai so. Ni ko fuloti ban taɓa saya ba.

Tsohon Safiyo:
Wa alaikumus salam ɗana. Wannan "akwai wani mai so" ɗin tun muna samari ake faɗin ta, kar ta ɗaga maka hankali. Fara da awo. Eka ɗaya murabba'in mita 4,047 ce, hekta kuma 10,000, wato hekta ɗaya kusan eka biyu da rabi, kuma da yawa ba su bambance su, wani da gangan wani rashin sani. Eka 10 ɗinka hekta 4 ce da ɗan ɗoriya, in gonar kusurwa huɗu ce daidai to kowane gefe zai kai mita 200. Ka je ka taka da ƙafarka, in ka yi taku 150 ka ji ka faɗa gonar maƙwabci to akwai magana. Bayan nan ka ɗauko safiyo naka na kanka, ba wanda dillali zai kawo ba, kuma ranar awon a kira duk wanda ya yi iyaka da gonar ya tsaya a ga inda ake kafa alama, don iyakar da ake cewa "daga waccan bishiyar zuwa surin can" ita ke kai mutane kotu, bishiya ana sare ta.
Amma abin da ya fi damuna maganar gadon nan ce. Shi kaɗai aka haifa? An raba gadon? Kar ka ba da ko sisi sai lauya ya je ofishin filaye ya duba sunan wa ke kan takardar mallakar, da ko an taɓa jinginar da ita a banki, sannan duk magada su sa hannu har matan da ke gidajen aurensu.

Maman Biyu:
Baba ya gama magana kan takarda, ni hanya zan yi maka magana ƙanena don ita ta ƙone ni. Mu da rani muka ga tamu gonar, mota ta kai mu har ƙofar gida lafiya lau, ashe wajen da muka ratsa kwari ne, damina na sauka ya zama rafi, sati biyu ba mu fitar da mota ba, yara da takalmi a hannu suke tafiya makaranta, mai tarakta ma ya ce shi ba zai shigo ba. Ba mu gama da wannan ba sai ga maƙwabci ya ja waya ya toshe hanyar wai ai cikin gonarsa take, aronta kawai ya ba marigayin da ya sayar mana. Da baki suka yi, babu a rubuce. Sai da muka sayi hanyar daban kamar wata sabuwar gona. Don haka ka tambaya hanyar ta hukuma ce ko ta cikin gonar wani, in ta wani ce a rubuta haƙƙin wucewa a takardar ciniki. Kuma ka duba ƙasan bangon gidan, in ka ga layin laka ko fenti ya kumbura iya gwiwa to ruwa ya taɓa kwana a wajen.

Mai Ban Ruwa:
Malam rijiyar nan ka leƙa ta ko daga nesa aka nuna maka? A ƙarshen rani ake sanin rijiya. Ka sa inji ya ja ruwan har ya ƙare ka ga awa nawa za ta yi kafin ta dawo, saniya ɗaya ma tana shan lita 40 zuwa sama a ranar zafi balle ka ce za ka yi lambu. Ka auna tsakaninta da masai, in bai kai mita 30 ba kar ku sha sai an gwada. Ƙasa kuma ka haƙa kamar santimita 20 a wurare da yawa ka haɗa ka kai awo, yawancin amfanin gona pH, wato ma'aunin tsamin ƙasa, 6 zuwa 7 suke so. Kafin nan ma ka jiƙa ta ka murza a tafin hannu, in ta watse yashi ne zai sha maka taki, in ta yi igiya tana danƙo yumɓu ce mai riƙe ruwa. Sannan ka sa shinge a lissafinka, zagayen eka 10 kusan mita 800 ne, mutane gida suke kallo su manta da wannan.

Sabon Manomi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na kira ɗan marigayin kai tsaye, ashe su bakwai ne, biyu ma ba su san ana cinikin ba. Hajiya hanyar kuma na tuna mun wuce ta wani kwalbati da ya rufta rabi, ban kawo komai a raina ba lokacin. Na ce wa dillali sai na kawo safiyo, tun jiya bai ƙara ɗaga wayata ba.

Tsohon Safiyo:
Zai kira da kansa, la'adarsa na ciki. Kai dai in za ka koma ka tafi ba tare da shi ba, ka sauka wajen wanda ke noma gonar gefe ka tambaye shi wa ya noma wannan bara, don in akwai mai haya a ciki sai ya cire amfaninsa kafin ka sa garma.