Tabalak ko Keita, ina zan kai yara su ga ƙasa?

Mushe_Tawa:
Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Shawara nike nema. Ɗiyan yayata su ukku za su zo mini daga Yamai hutun ƙarshen Disamba, babbar shekararta 14 ƙaramin 8, can anka haife su can sunka girma, abin da sunka sani na Adar bai wuce biki da gaisuwar mutuwa ba, a zo a kwana biyu cikin gida a koma. Ran nan a waya babbar take ce mini wai kawu Tawa ba komi sai ƙura da iska. Wallahi maganar ta tsaya mini a rai, don na san ƙasarmu tana da abin kallo, sai dai ni kaina ban da wucewa cikin mota ban taɓa tsayawa wani wuri ba don in duba kawai. Ina da yini guda da motar wani abokina. Tabalak nike tunani ko Keita. Wanda ya san wuraren don Allah ya gaya mini wane ya fi dacewa da yara, ƙarfe nawa za mu tashi, mi za mu riƙa. Ba ni son dare ya yi muna a hanya.

Ɗan Bakin Tabki:
Wa alaikumus salam mushe. In dai yini guda ne kuma da yara to Tabalak, kar ma ka tsaya dogon tunani. Kilomita wajen 50 ne daga Tawa bisa hanyar Agadas, kuma ba sai ka ratse cikin daji kana neman tabkin ba, hanyar da kanta za ta kai ka bakinshi, kana cikin tafiya tsakanin rairayi da duwatsu sai kawai ka ga ruwa ya shimfiɗu. Yaron da ya ce Tawa ba komi sai ƙura nan za ya yi shiru.

Amma abin da mutane ba su ganewa shi ne lokaci. Wanda ya iso ƙarfe 12 na rana ya tsaya bakin hanya ya sayi kifi ya juya, wannan bai ga Tabalak ba, kasuwar kifi ya gani. Ku yi asuba ku tashi, ku iso rana tana fitowa, lokacin ne masunta ke dawowa da kwalekwale suna fidda tarwaɗa da karfasa daga taru, mata na jiransu da kwanoni, tsuntsaye kuma ba su watse ba. Disamba ma lokacinsu ne, ban da balbela da zalɓe da kirinjijiya da muka saba da su akwai baƙin da ke gudo ma sanyin Turai su ƙetare hamada su sauka nan su yi watanni, saboda su ne ma aka sa tabkin cikin jerin wuraren ruwa na Ramsar, yarjejeniyar ƙasashen duniya ta kare irin waɗannan wurare, a 2005. Shamuwa kam ba za ku same ta ba, ita da damana take zuwa da damana take tafiya.

Can wajen hantsi sai dabbobi su fara gangarowa shan ruwa, shanun Fulani, raƙuman Buzaye, awaki, jakkai da bido-bido a bayansu, ni da aka haifa nan har yau in na ga garken raƙuma sun jeru bakin ruwa sai na tsaya. Sannan ku zaga wajen garake, duk inda ruwa ya janye an bi shi da shuka, albasa, tumatir, dankali, ka nemi izinin mai garka ka shiga da yaran su ga yadda ake ban ruwa, ba wanda zai hana ka in ka yi sallama. Abu ɗaya da ke damuna, tabkin ba kamar da ba ne, koramu na kwaso rairayi suna zuba mishi kowace damana, in bazara ta yi nisa sai ka ga ya ja baya sosai ya bar laka tana tsattsagewa. Shi ya sa na ce ku zo yanzu, kar ku bari sai Afrilu.

Maman Biyu:
Mushe sannu da ƙoƙari, Allah ya bar zumunci. Ni magana ɗaya ce zan ƙara kuma don Allah ka riƙe ta, kar ka bari yaran nan su shiga ruwan, ko da wasa, ko da iya ƙauri ne. Za ka ga yaran gari suna ta iyo naka su ce su ma sai sun shiga. Ruwan tabki da ba ya gudu shi ne gidan tsargiya, ƙananan katantanwa ke ɗauke da tsutsar kuma ta fata take shiga ba sai an sha ruwan ba, sai bayan makonni ka ga yaro yana fitsarin jini. Nawa babban haka ta same shi bayan mun je ƙauye hutu, sai da muka je likita aka ba shi magani, hankalina ya tashi ba kaɗan ba. Ga laka kuma, wani wurin ka ga kamar ƙasa ce busassa ka taka ka nutse har gwiwa. In za su hau kwalekwale to kusa da gaɓa, kuma kar a cika shi.

Ka riƙa musu rigunan sanyi da hula, ƴan Yamai ba su san sanyin Adar na asuba ba balle bakin ruwa, da man shafawa don leɓe, da ruwan sha mai yawa daga gida. Abinci kam kar ka wahal da matarka da dahuwa, burodi da shayi ya isa na safe, da rana ga soyayyen kifi nan da zafinshi da yaji, in kun dace da masu cuku ku saya musu su ɗanɗana.

Dattijon Keita:
Mushe ɗana, abin da ɗan Tabalak ya faɗi gaskiya na, ban musa mishi ba, ruwa da tsuntsaye sun fi saurin shiga ran yaro. Amma kar ka yada Keita. In kana son ɗiyan ga su san mi a Adar to duwatsun ga na za ka gwada musu. Ta Tamaske za ka bi, tun daga nan ƙasa ta fara canzawa, tudu shimfiɗaɗɗe baƙi ƙirin da tsakuwa, sai ka kai bakinshi ka ga ya yanke, ga fadama can ƙasa kore shar da garake da itace. Ka hau bisa ka zamna ka duba, ba ka son tashi.

Kuma itacen da za ka gani a jikin duwatsun ba duka na Allah ya tsiro da kansu ba, hannu ya dasa su. Lokacin yunwar 1984 anka kawo aikin raya karkara na Keita da kuɗin Italiya, da FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a ciki. Maza sun tafi bida, mafi yawa mata na sunka yi aikin ga, su ɗauko duwatsu bisa kai a jera, a gina ramu a jikin tudu don ruwan sama ya tsaya ya shiga ƙasa maimakon ya kwashe gona, a dasa icce cikin kowane rame, a biya su da abinci. Uwar ɗiyana ta yi shi da goyo a bayanta. Ni in na ga layin ramun ga yau da itace sun girma cikinsu ita nike tunawa. Wanga abu ya kamata ɗiyar birni mai shekara 14 ta gani da idonta, ta ji wa ya yi shi.

Kai da kake mushe, malamin makaranta, ga wani abu kuma, ka sa su duba farin dutsi da ke gindin tuddan da kyau, ana samun ɓawon katantanwa da wasu halittun ruwa sun zama dutsi a ciki, don ƙasar ga teku ta taɓa rufe ta shekaru miliyoyi da sunka wuce. Irin farin dutsin ga na ake yin siminti da shi Malbaza. Sai dai ka duba sama kafin ka taso, ranar da hazo ya sauka ko ka hau tudu ba ka ganin komi.

Ba'adaren Yamai:
Ni ina nan Yamai, shawarata ka ce ma yayarka ta zaunar da yaran jikin tagar mota tun daga tasha. Kilomita wajen 60 da fita gari za su ratsa Kure, ƙasar raƙuman dawa, irinsu na yammacin Afirka nan Nijar kaɗai suka rage a daji, a 1996 ba su wuce kamar 50 ba yanzu sun haura 600. Da rani sun fi gangarawa Dallol Boso amma wani lokaci ana dacewa a hango su daga mota. Ban ce su sauka ba fa, don an taɓa kai hari wurin a Agustan 2020. In sun kai Dogon Dutsi kuma su duba tudun da garin ya samo sunanshi.

Direba_RN25:
Mushe ka cika tanki tun Tawa, ka duba safaya da jak, takardun mota da katin ɗan ƙasa su kasance a aljihu don akwai shingen jandarma. Tabalak ka tsaya, kar daɗin hanya ya ja ka ka ce bari mu ƙara gaba arewa da yara. La'asar ta same ku a hanyar gida.

Mushe_Tawa:
Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya Maman Biyu na ji, ba mai taɓa ruwa in sha Allah. Tabalak za mu fara, asuba za mu tashi kamar yadda ɗan uwa ya ce. Baba na Keita maganarka ta shige ni, na kira abokina ya yarda ya ƙara mini yini guda da motar, duk ranar da gari ya waye ba hazo za mu biyo ta Tamaske. In ba damuwa ka turo mini saƙo ta ciki ka gaya mini wane tudu ne ya fi sauƙin hawa ga yaro ɗan shekara 8, kuma in kana gari ranar ina son su zo su gaishe ka su ji labarin ramun daga bakinka.