A taimaka kafin sha biyun dare: wane suna za mu ba wannan yawon jirgin ruwa na tsibiran ƙanƙara?

Mai Fassarar Dare: Salamu alaikum jama'a. Ina da rahoton da zan karanta a shirin safe, edita kuma ya ce rubutun ya same shi kafin sha biyu. Labarin tsibiran Svalbard ne na ƙasar Norwe, can ƙuryar arewacin duniya, da dokokin da suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2025: jirgin da ya ɗauki fasinja sama da 200 ba zai shiga yankunan da aka keɓe ba, kuma a cikinsu wurare 43 kaɗai aka yarda baƙi su sauka. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne "expedition cruise". Ba irin ƙaton jirgin nan mai kama da otal ba ne. Ƙarami ne, yana tashi daga Longyearbyen, babban garin tsibiran, ƙanƙara da iska ke yanke inda za a nufa gobe. A zuba mutane a kwale-kwalen roba a kai su gaɓa kallon dabbobi, jagora na gaba rataye da bindiga. Na rubuta "yawon buɗe ido a jirgin ruwa" amma ya yi min faɗi.

'Yar Zazzau: Balaguro. "Balaguron kallon namun daji ta teku." Kin huta.

Basakkwace: Wane dajin, Malama? Wurin da babu itace ko ɗaya tsaye? Abin da suke kira bishiya a can bai kai tsawon ɗan yatsa ba.

'Yar Zazzau: Naman daji na nufin wanda ba na gida ba, ba sai ya kwana gindin kuka ba.

Baba Mai Alli: 'Yata, ki rubuta "kilisar teku". Shekara talatin da ɗoriya ina koyar da Hausa, kuma tun tuni na tanadi wannan kalma. Kilisa fita ce da doki ba don fatauci ba, ba don yaƙi ba, sai don motsa jini da ba ido abinci. Gajeriya ce, ta zauna a baki, tamu ce gada da gada.

Ɗan Damagaram: Allah gafarta Malam, mai kilisa da la'asar yake fita ya dawo kafin magariba. Waɗannan sai su yi kwana goma a ruwa. Kuma daga ƙarshen Afrilu zuwa bayan tsakiyar Agusta rana ba ta faɗuwa a can, ka ga babu ma magaribar da za a dawo mata.

Baba Mai Alli: Kalma tafiya take yi, yaro. Jirgi a da na ɗan fito ne, yau ga jirgin ƙasa, ga jirgin sama, babu wanda ya ce sai an ga ruwa a ƙarƙashinsu. Matsalarku ƴan zamani, in Bature bai fara furta abu ba, ba ya yi muku daɗin ji. Gobe sai na ji an ce "kurus" a rediyo, kowa ya yi shiru.

Ɗan Damagaram: Ku ne masu "kurus". Mu nan in aka matsa mana "kurwaziyar" za ka ji, daga Faransanci. Duk kanwar ja ce. Amma dai a daina yi mana kamar Kano ce kaɗai ke da hatimin Hausa.

Basakkwace: Yawwa! Na daɗe ina jiran mai faɗin wannan.

Bakano Na Asali: To wa ya ambaci Kano yanzu? Daidaitacciyar Hausa ba mu muka zaɓi kanmu ba, ku je ku tambayi waɗanda suka tsara rubutun boko.

Mai Fassarar Dare: Don girman Allah, goma da kwata. Tunda an taru, ga wata: dokar ta ce a bar tazarar mita 150 tsakanin jirgi da inda "walrus" suke kwance. Dabbar ruwa ce ƙatuwa, ga haure biyu zaro-zaro sun sauko ƙasa, ga gashin baki kamar tsintsiya. Sai da aka kusa ƙarar da su a tsibiran saboda haure da kitse kafin a hana farautarsu a 1952.

'Yar Zazzau: Giwar ruwa mana, tunda ga haure.

Ɗan Su Daga Yawuri: A'a Hajiya, kar ki jawo mana. Giwan ruwa kifi ne, shi muke sayarwa kullum. Ki ce an hana matsawa kusa da giwan ruwa, masunta su cika gidan rediyon da kira. In kamanni ake nema, ayu ya fi kusa. Wanda ya taɓa ganin ayu a kogin Neja ko Binuwai ya san jikin nan mai kama da buhu, babu ƙafa sai filafilai. Ki ce "ayu mai haure".

Basakkwace: Ayu ciyawa yake ci, wancan kuwa dabbobin ƙwanso yake tsotsa a ƙasan teku. Ba dangi ba ne.

Ɗan Su Daga Yawuri: Karen ruwa ma ba ya haushi, Malam, kuma ba a canja masa suna ba.

Baba Mai Alli: Dorinar ƙanƙara. Amma mu koma kan kilisa, ba a gama ba. Ku gwada a baki: "jiragen kilisar teku". Yanzu ku gwada "jiragen balaguron kallon namun daji ta teku" ku ga ko numfashi zai kai ku.

Tsohuwar Ma'aikaciya: Ƙanwata, ni shawarata ta aiki ce. Rediyo ba allo ba ne, mai sauraro ba ya komawa baya ya sake karantawa. Baƙuwar kalma sai an raka ta da bayani a karon farko. Kuma ki kula da farar dabbar nan da ake zuwa dominta, wato "polar bear". A wani gida da na yi aiki, wani abokin aikinmu ya ga "farin beyar" a takarda ya karanta "farin ɓera". Dabbar da namijinta kan haura kilo 500! Har ya bar aiki Mai Ɓera muke ce masa. Ki ce "farar dabbar beyar", ki ja wasalin da kyau.

Mai Fassarar Dare: Na gode Yaya, tana cikin rahoton kuwa: tazarar mita 300, daga 1 ga Maris zuwa 30 ga Yuni kuma mita 500. Tun 1973 aka hana farautarta a can, bindigar jagora ta kare rai ce kawai.

Baba Mai Alli: "Beyar" ma aro ce. Ga "dubbu" a Larabci, malamanmu sun san ta.

Bakano Na Asali: Baba, aron Larabci halal, na Turanci haram?

Baba Mai Alli: Wanda ya shekara ɗari biyar a gidanka ba baƙo ba ne.

Mai Fassarar Dare: Na miƙa, sha biyu saura ashirin. Na sa "ƙananan jiragen balaguron kallon dabbobi", daga baya "jiragen balaguro" kawai. Na ɗauki "ayu mai haure" tare da jimla ɗaya ta bayani. Edita ya goge "dubbu", ya bar "beyar". Baba, ka yi haƙuri, na gwada masa kilisa ta waya ya ce zai ɗauka labarin hawan sallah ne.

Baba Mai Alli: Balaguro ba laifi, sai dai ko zuwa Kaduna taron kwana biyu balaguro ne. Zan kunna rediyo da safe na ji yadda za ta fita.

Basakkwace: Ni dai har yanzu ban yarda da ayun nan ba.