Mota na karkarwa in an taka totur: daga ina za a fara dubawa?

Mai Corolla: Assalamu alaikum 'yan zaure. Corolla ce 2006, otomatik. Da na taka totur tsakanin gudun kilomita 50 zuwa 80 a awa sai gabanta ya kama karkarwa, har ƙafa tana ji. Da na ɗaga ƙafa sai ta yi lif. An yi balansin taya, ba ta daina ba. Me zan sa a duba?

Ogan Gareji: Wa alaikumus salam Alhaji. Ai ka ba da amsar da bakinka. Karkarwar taya ba ruwanta da totur, gudu take bi. Takan fito wajen 90 zuwa 110, a sitiyari, ko ka taka ko ka saki tana nan. Wadda ke zuwa da totur ta tafi da shi, shaft, ƙarfen da ke kai juyi daga giyabos zuwa taya, shi ne abin zargi na farko, kan ciki, wanda ke shiga giyabos. A cikinsa akwai boris uku da ke zamewa a cikin kofi. Robar da ke rufe kan ta yage, giris ya tsiyaye, yashi ya shiga, sai su ci rami a jikin kofin. Da inji ya ɗora ƙarfi sai su riƙa faɗawa ramin suna fita, shi ne girgizar nan ta gefe da gefe. A ɗaga motar, a duba ko giris ya fantsama a jikin giyabos, sannan a kama shaft kusa da kan ciki a jijjiga sama da ƙasa. In yana kwankwasa, ya tafi.

Na Panteka: Gaskiya ne Oga. Kada dai a rikita shi da kan waje. Na waje ƙas-ƙas-ƙas yake yi in an karya sitiyari a kwana, ba ya cika kawo karkarwa.

Mai Wayarin: Ni dai Alhaji kafin ka taɓa shaft, sa a jona mata kwamfuta, minti biyar ne. Silinda ɗaya in tana ƙin kama wuta a ƙarƙashin nauyi, haka mota ke karkarwa, sai dai da fizga da rashin ƙarfi. In kwamfuta ta nuna lambar P0300, matsalar ba a silinda ɗaya take tsaye ba, P0301 zuwa P0304 kuma lambar ƙarshe ita ce silindar. In ta nuna ta biyu, a musanya koyil ɗinta (mai ba filogi wuta) da na ta uku, a goge lambar, a sake fita. Lambar ta koma P0303, koyil ne. Ta tsaya a nan, a duba filogi da nozul. Injin 1ZZ na wannan motar Denso SK16R11 yake ɗauka, tazarar bakinsa milimita 1.1, kuma na jabu sun cika kasuwa. In an zare koyil an ga mai a ramin filogi, gasket ɗin murfin inji ne ke yoyo, sai an canza shi ko sabon koyil ɗin ma ya mutu. Fitilar gargaɗin inji ta dashbod in tana ƙiftawa, kada a ci gaba da tuƙi, ɗanyen fetur yana ƙona katalis, wato matatar hayaƙin salansa.

Ogan Gareji: Na yarda a jona, amma bai ce tana fizga ba, Malam. Har yanzu ina kan shaft.

Baban Giya: Ku bar ni in sa baki, yarana. Akwai gwaji biyu da ba a kashe ko sisi. Na farko injin sit, wato robobin da inji ke zaune a kansu: a ja birkin hannu, a danne na ƙafa sosai, a buɗe bonet, a sa D a ɗan taɓa totur, sannan R. Mai kallo ya tsaya a gefe, ba a gaba ba. In inji ya yi tsalle ko ya buga, roba ta tsinke. Guda huɗu ne, na dama mai ruwa ne a ciki, in ka ga baƙin ruwa ya zubo a ƙarƙashinsa ya mutu. Sit da ya zauna yana karkatar da shaft, shi ya sa wani zai sa sabon shaft wata uku ya dawo da kuka. Na biyu, kana kan gudun 70 tana karkarwa, kada ka ɗaga ƙafar dama, ka ɗan shafi birki da ta hagu, a hanyar da ba kowa. In ta ɗauke nan take, kwanbata, mai haɗa inji da giyar otomatik, ita ce ke zamewa wajen kullewa. A duba man giya, in ya yi baƙi yana ƙauri a tsiyaye shi ta ƙasa, wajen lita 3 ke fita, a mayar da irin wanda aka rubuta a jikin sandar awo. Ban da wankin na'ura ga giyar da ta daɗe ba a taɓa ba.

Mai Corolla: Allah ya saka, Baba. In shaft ɗin ne, a sa sabo ko ɗan Kwatano?

Na Panteka: Ɗan Kwatano na asali mai lafiyar roba ya fi sabo mai araha, wanda wani sa'in daga kwali yake zuwa da tasa karkarwar. Ka tafi da tsohon a gwada: tsawo, yawan haƙoran da ke shiga giyabos, da zoben ABS na na'urar birki. Na dama ya fi na hagu tsawo. A canza sil ɗin giyabos lokaci ɗaya, a cika man da ya zube.

Ogan Gareji: Kuma notin shaft awon ƙarfin ɗauri gare shi, 216 Nm a sifanar awo, a dake bakinsa ya kulle. Notin taya 103. Hawa kan sifana da ƙafa shi ke kashe boris ɗin wili.

Direban Hiace: Mu masu jan baya fa, Oga?

Ogan Gareji: Ku farfela za ku duba, dogon ƙarfen da ke kai juyi daga giyabos zuwa tayoyin baya. Kuros, wato gaɓar farfela, ya bushe ko boris ɗin tsakiya ya saki, karkarwar a ƙarƙashin kujera za ka ji ta, da ƙwal in an sa giya. Jan tsatsa a bakin kofin kuros alama ce ta bushewa. Kafin a kwance a sa alamar fenti a mahaɗa, don in aka mayar haƙori ɗaya a goce, sai ta fi da karkarwa.